Karatun kare bangaskiyar Kirista: me ya sa haddace amsoshi ba ya isa

Kwanakin nan in ka buɗe Facebook ko TikTok da wuya ka gama zagaye baka ci karo da wani guntun bidiyo na muƙabala ba. Ko dai wani malami riƙe da Baibul yana cewa a nuna masa inda Yesu ya ce shi Allah ne a bauta masa, ko wani fasto riƙe da fassarar Alƙur'ani shi ma yana nasa, a ƙasa kuma mutane sun cika wajen da "an gama da shi", "ya kasa amsawa". Matasan coci da yawa daga nan suke fara sha'awar abin da a makarantun tauhidi ake ce ma afolojetiks, wato karatun kare bangaskiya, kuma ni a ganina sha'awar abu ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu suna ɗauka aikin kawai ka haddace amsoshi ka ajiye ne, in an jefo tambaya ka jefa amsa, alhali tarihin fannin kansa ya nuna wannan hanyar ce ta fi saurin kunyata mai ita.

Ayar da kowa ke kawowa a matsayin tushe ita ce 1 Bitrus 3:15, inda aka ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begen da ke cikinmu. Toh amma ayar bata tsaya nan ba, ta ce a yi shi da tawali'u da ladabi, kuma wannan rabin ne aka fi mantawa dashi. Haka in ka duba Bulus a Atina, a Ayyukan Manzanni sura 17, kafin ya buɗe baki sai da ya zagaya garin ya ga abubuwan da suke bauta ma, da ya tashi magana kuma mawaƙansu na Helenawa ya kawo musu, bai fara karanto musu Ishaya ba, don ya san Ishaya ba kowa ba ne a wajensu. Bayansa da kamar shekara 200 wani malamin Iskandariya mai suna Orijin ya rubuta raddi ga Kelsus, wani masanin falsafa da ya caccaki Kiristanci, wajen shekara ta 248. Orijin ya riƙa kawo maganar Kelsus kamar yadda take, sashe bayan sashe, kafin ya amsa, har ta kai yau littafin Kelsus ya ɓace kuma kusan duk abin da aka sani a cikinsa ta bakin Orijin aka san shi. Kaga mutumin da yake raddi shi ne ya adana hujjar abokin hamayyarsa. Mutum nawa ne cikin masu yanka bidiyo yau za a iya yarda dasu haka?

Babbar matsalar fannin tun asali guda ɗaya ce, a kan wace tabarma za ku zauna kai da wanda kuke magana. Malamin tauhidin Kirista Toma Akwinas ya faɗi wannan ƙarara a ƙarni na 13, ya ce da Bayahude kuna da Tsohon Alkawari a tsakani, da Kiristan da ya kauce kuna da Sabon Alkawari, amma wanda bai yarda da ko ɗaya ba dole ku koma ga hankali wanda kowa ke dashi. Daga wannan tambayar ce masanan fannin na yau suka rabu. Wasu sun ce fara da hujjar hankali cewa akwai Allah sannan ka zo kan Yesu, wasu sun ce tafi kai tsaye kan shaidar tarihi musamman tashin Yesu daga matattu, su kuma mabiya malamin tauhidi Cornelius Van Til sun ce babu wani fili da yake tsaka-tsaki, kowa da abin da ya riga ya ɗauka gaskiya kafin a fara magana, don haka aikin shi ne ka tono wannan tushen. Duk ukun suna da amfani, amma an gina su ne akasari don amsa Baturen da ya daina zuwa coci, ba don maƙwabcin da yake sallah sau biyar a rana ba, wanda bai taɓa shakkar akwai Allah ba ko na minti ɗaya. In ka ɓata awa guda kana kawo masa hujjar samuwar Allah zai ce maka toh madalla, sai me?

Shi ya sa nake ganin duk ɗalibin wannan fanni a wajenmu ya kamata ya san abin da ya faru a Bagadaza wajen shekara ta 781. Halifa al-Mahdi na Abbasiyawa ya zauna kwana biyu da Timoti na ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas, suna tattauna addini a fada. Timoti ne ya rubuta labarin daga baya cikin harshen Siriyak a wasiƙa ga wani abokinsa, don haka ta bakin gefe ɗaya muke jin shi, wannan dole a riƙe. Amma ka ji tambayoyin Halifa: ta yaya Allah zai haifi ɗa, ta yaya uku zai zama ɗaya, ashe Mai Taimakon da Yesu ya yi alkawari a Yohanna ba Annabi Muhammadu ba ne, ashe baku canza littafinku ba. Tambayoyin da ake yi a tashar mota yau kenan, shekara sama da 1,200 basu canza ba. A kan batun ɗa Timoti ya ce wa zai faɗi irin wannan saɓo cewa Allah ya auri mace ya haihu, ya ce abin da suke nufi kamar yadda haske ke fitowa daga rana ne da yadda kalma ke fitowa daga rai. A kan canza littafi ya ce Yahudawa da Kirista ba sa ga maciji da juna amma Attaura ɗaya ce a hannunsu, toh yaushe suka haɗa baki, kuma ina kwafin da ba a canza ba don a gwada.

Inda abin ya fi burge ni shi ne da Halifa ya tambaye shi me zai ce game da Annabi Muhammadu. Mutum ne fa a gaban sarkin da ke da ikon rai da mutuwa a kansa. Bai yi zagi ba, kuma bai yi ƙarya don ya tsira ba. Ya ce ya bi tafarkin annabawa, domin ya koyar da kaɗaita Allah, ya raba mutanensa da gumaka, ya kira su zuwa aikin kirki. Amma da aka matsa masa ya karɓe shi a matsayin annabin da littattafai suka yi bushara dashi, ya ce shi bai samu wannan a littafinsa ba, Mai Taimakon nan Ruhu Mai Tsarki ne. Wasu Kirista har yau suna ganin ya yi sassauci da yawa, wasu Musulmi kuma suna ganin ya yi wayo ne kawai. Ni abin da na gani shi ne mutumin da ya faɗi iyakar alherin da lamirinsa ya yarda dashi game da addinin wani, ya tsaya daidai inda bangaskiyarsa ta tsaya, kuma aka tashi lafiya. Wannan Halifan ne ma ya sa Timoti ya fassara masa littafin Aristo na ƙa'idojin muhawara zuwa Larabci, wato sarki Musulmi ya sa shugaban coci ya kawo masa kayan aikin jayayya. Akwai amana a tsakaninsu kenan.

Yanzu mu tsallaka zuwa Agra a Indiya, Afrilun 1854, don a nan ne salon muƙabalar da muke gani a wayoyinmu ya samo asali. Karl Pfander ɗan mishan ne Bajamushe, ya iya Farisanci sosai, ya rubuta littafi mai suna Mizanul Haƙƙi wanda ya yaɗu a ƙasashen Musulmi, yana kare Baibul yana sukar Musulunci. Malaman Indiya suka ga abin ya yi yawa, ga Turawan Ingila na mulki ga 'yan mishan na wa'azi a kasuwa, sai Shehu Rahmatullah Kairanawi ya ƙalubalance shi a fito fili. Aka tsara batutuwa biyar: shafe hukunci, canza littafi, Triniti, annabcin Annabi Muhammadu, da Alƙur'ani. Kwana biyu aka yi, kuma ba a wuce biyun farko ba.

Me ya faru? Rahmatullah yana da mataimaki, wani likita Dakta Wazir Khan da ya iya Turanci, wanda ya tattaro littattafan masanan Turai, Kiristoci 'yan uwan Pfander, masu binciken tsofaffin kwafe-kwafen Baibul na hannu. Pfander ya shirya ne don tsohuwar jayayya, yana jiran a kawo masa ayar Alƙur'ani ya amsa, sai ga shi ana karanto masa abin da malaman ƙasarsa suka rubuta a kan bambancin da ke tsakanin kwafe-kwafen. Dole ya amince a gaban jama'a cewa akwai 'yan wurare da masu kwafi suka yi kuskure ko ƙari, ya ƙara da cewa wannan bai taɓa ko koyarwa ɗaya ta bangaskiya ba, amma jama'a rabin farko suka ji. Kowane gefe ya ce shi ya ci, sai dai a idon Musulmin Indiya an kayar da babban ɗan mishan. Bayan tawayen da Indiyawa suka yi wa Turawan Ingila a 1857 Rahmatullah ya gudu Makka, daga baya Sarkin Musulmin Usmaniyya ya gayyace shi Santambul inda ya rubuta Izharul Haƙƙi a 1864, littafin da har gobe shi ne rumbun da masu raddi ga Kiristanci ke ɗiba. Wani abin lura kuma, ɗaya daga cikin malaman da ke gefen Musulmi a wancan lokacin, Imaduddin, ya karɓi baftisma a 1866, shekara 12 bayan muƙabalar da aka ce gefensa ne ya ci. Wato ko a ranar ma tafin jama'a bai faɗi abin da ke faruwa a zuciyar kowa ba.

Wannan littafin na Rahmatullah ne wani yaro ɗan asalin Indiya ya tsinta a shagon da yake aiki kusa da wata makarantar mishan a Afirka ta Kudu, bayan ɗaliban mishan ɗin sun addabe shi da tambayoyin da ya kasa amsawa. Sunansa Ahmed Deedat. Duk wanda ya girma a Kano ko Kaduna ko Jos a ƙarshen shekarun 1980 ya san kaset ɗin muƙabalarsa da Jimmy Swaggart ta 1986 a Amurka, a kan ko Baibul maganar Allah ce. Swaggart gwanin wa'azi ne amma ba masanin nassi ba, Deedat kuwa ya zo da fassarori daban-daban yana nuna ayar da ke cikin wannan babu ita a wancan. Agra ce aka sake, bambancin kawai yanzu akwai kyamara. Ka lura da sarƙar: gatsalin ɗaliban mishan a kan wani yaron shago shi ya haifar da mutumin da ya fi kowa wahalar da 'yan mishan a ƙarni na 20. Irin haka ta faru a Panadura ta ƙasar Siri Lanka a 1873, inda wani fasto na Metodis, David de Silva, ya yi muƙabala da malamin addinin Buddha mai suna Gunananda, ƙarshenta muƙabalar ce ta zama sanadin farfaɗowar addinin Buddha a tsibirin.

Toh me ɗalibi zai koya a nan? Ba wai ya guji batun ba, ya san gidansa fiye da baƙo. Gaskiya ne 1 Yohanna 5:7 kamar yadda take a fassarar Sarki James ta 1611, mai maganar shaidu uku a sama, babu ita a tsofaffin kwafe-kwafen Helenanci. Gaskiya ne ƙarshen Markus, 16:9 zuwa 20, babu shi a manyan kwafe biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan. Haka labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 7:53 zuwa 8:11. Kuma ba abokan gaba ne suka bankaɗo wannan ba, masana Kirista ne suka gano, suka rubuta a ƙasan shafi don kowa ya gani, kuma sun iya ganowa ne saboda akwai kwafe sama da 5,000 na Sabon Alkawari da Helenanci da za a gwada da juna. Koyarwar Triniti bata dogara da waccan ayar ba, an fara tsayar da ita a taron shugabannin coci na Nikiya a 325 da sauran nassosi. Amma in yaro ya gama sakandare ya shiga jami'a bai taɓa jin wannan daga bakin fastonsa ba, ya fara jinsa daga bakin abokin ɗakinsa mai bidiyon Deedat, abin da zai ji shi ne an ɓoye masa wani abu, kuma wannan jin ya fi hujjar kanta rusa bangaskiya. Laifin nan namu ne na coci, gaskiya.

Kuma mudu ɗaya za a auna dashi. Na sha ganin matasanmu sun gano akwai ƙira'ar Warshu da ta Hafsu sai su hau cewa ai Alƙur'ani biyu ne. Haba. Almajirin tsangaya da ya tashi da Warshu ya san da wannan tun yana yaro, malamai sun yi rubuce-rubuce a kan ƙira'o'i tun ƙarnonin farko, in kana da tambaya a kan tarihin tattara Alƙur'ani a zamanin Halifa Usmanu ka karanta abin da su malaman suka ce tukuna sannan ka yi tambayarka. In baka so a ɗauki bayanin ƙasan shafin Baibul ɗinka a ce an kama ka, kar ka yi ma wani haka.

Wani abu da masu son gasa basu cika sani ba shi ne yadda ɓangarorin suka daɗe suna aron juna. Hujjar da ta fi shahara yau a bakin masu kare bangaskiyar Kirista a gaban waɗanda basu yarda akwai Allah ba tana cewa duk abin da ya fara wanzuwa yana da sanadi, duniya ta fara wanzuwa, don haka tana da sanadi. William Lane Craig ne ya farfaɗo da ita a 1979, kuma shi da kansa ya sa mata sunan kalam don daga malaman ilmul kalam ya ɗauko ta, musamman al-Kindi da Imam al-Ghazali. Su kuma wani ɓangare nata sun gada ne daga Yohanna Filoponus, Kirista ɗan Iskandariya na ƙarni na 6 da ya yi jayayya da masu cewa duniya bata da farko. Akwinas ma ya ɗibi abubuwa da dama daga Ibn Sina da malamin Yahudawa Musa bin Maimun. Don haka in saurayi ya zo yana cewa kimiyya ta kore Allah, ko yana tambaya in Allah mai ƙauna ne me ya sa 'yan bindiga ke kashe jarirai a ƙauye, kuma irin waɗannan matasa suna ƙaruwa a gidajen Kirista da na Musulmi duka, fasto da liman za su samu kansu da makami kusan iri ɗaya a hannu. Sai an zo kan wane ne wannan Allah da yadda ya bayyana kansa sannan hanya ta rabu.

Da ka fita daga addinan da suka san Ibrahim kuma abin ya sake canzawa gaba ɗaya. Ka je ma ɗan Hindu da hujjar cewa Yesu Allah ne cikin jiki, zai iya ce maka ya yarda, ya sa hotonsa kusa da na Krishna, don a wajensa Allah ya sha sauka cikin jiki, abin da zai ƙi shi ne kalmar "shi kaɗai". Mabiyin Buddha kuwa tambayarsa ba wa zai gafarta mini zunubi ba ce, tambayarsa ta yaya zan fita daga wahala da zagayen haihuwa da mutuwa, kuma a koyarwarsa babu mahalicci a tsakiya. In ka yi masa albishir da rai madawwami baka yi bayani ba, zai iya jin kamar kana yi masa alkawarin abin da yake gudu ne. Ɗan mishan Matteo Ricci ya gane haka a Sin, ya shafe shekaru yana karatun littattafan Konfushiyas kafin ya fitar da littafinsa na tattaunawa a 1603.

Mu a nan muna da namu na gida, addinin gargajiya, wanda littattafan da ake shigo mana dasu daga Amurka basu ma san dashi ba. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936 ya rasu a ruwa kusa da Mombasa a 1975, ya yi nazarin addinin mutanensa Jaba, ya ce e sun san akwai Maɗaukaki amma wannan sanin ba ya ceto, ya kuma yi kashedi mai zafi ga masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu cewa suna buɗe ƙofar cuɗanya. Su kuma suna ganin Allah bai bar kakanninmu babu shaida ba, abin da suka sani shimfiɗa ce ga bishara. Kwame Bediako na Ghana daga baya ya nuna wannan ita ce jayayyar da Kiristocin ƙarni na 2 suka yi a kan falsafar Helenawa, Jastin na cewa akwai ƙwayar gaskiya a ciki, Tataliyan na cewa ina ruwan Atina da Urushalima. Wannan ba maganar aji ba ce kawai. Matar da ta fito daga gidan bori ta shigo coci, ko dattijon da ke tambaya ina kakansa da bai taɓa jin bishara ba yake, amsar da za a basu ta dogara da inda mutum ya tsaya a wannan jayayyar. A duniya ma matsaya uku ce ake ta kai da kawowa a kanta, masu cewa sai wanda ya ji ya gaskata, masu cewa Kristi ne kaɗai mai ceto amma alherinsa na iya kai ma wanda bai san sunansa ba kamar Karl Rahner, da masu cewa duk addinai hanyoyi ne zuwa wuri ɗaya kamar John Hick. Ta ukun nan ni ban ga yadda za ta tsaya ba, don tana ce ma Kirista da Musulmi duka basu fahimci addininsu ba, ita ce ta fahimta musu. Musulmin kirki ba zai yarda ba, ni ma ban yarda ba.

Domin akwai inda ba a haɗuwa, kuma faɗin haka ba rashin zaman lafiya ba ne. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Bulus kuma a 1 Korintiyawa 15 ya ce in Kristi bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce. Ba yadda za a yi duka biyun su zama daidai a lokaci ɗaya, kuma taron da ake zuwa otal a sha lemo a ce ai duk ɗaya ne ba tattaunawa ba ce, kowa ya san in ya koma gida ba haka zai koyar ba. Majalisar Batikan ta biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika, a 1965 ta ce Ikilisiya na kallon Musulmi da girmamawa, ta lissafa abin da aka haɗu a kai, amma a cikin takardar dai ta faɗi cewa basu ɗauki Yesu a matsayin Allah ba. Ana iya yin duka biyun.

Abin da ya bambanta mu da ɗalibin da ke karatun nan a Landan shi ne a wajenmu kalma na iya cin rai. A Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wa'azin wani mai bishara da ya taɓo Alƙur'ani ne ya tada rigimar da ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u da masallatai. A Oktoban 1991 Kano ta kama da wuta a kan zuwan mai wa'azin bishara Bajamushe Reinhard Bonnke, kuma daga cikin ƙorafin da aka riƙa yi har da cewa an hana Deedat zuwa amma an bar Bonnke. Babu wata magana da ta halatta kisa, wannan a fili yake, kuma wanda ya ɗauki makami shi ke da alhakin jinin. Amma mai koyon kare bangaskiya a Arewa dole ya san ba shi kaɗai zai biya kuɗin maganarsa ba, wanda ke zaune a Legas ko Turai yana zagin abin da wasu ke girmamawa don a danna masa laik, talakan da ke sayar da kaya a Sabon Gari ne zai kwana da fargaba. Musulmi ma suna da wannan ƙa'ida a littafinsu, Suratul Ankabut aya ta 46 ta ce kar a yi jayayya da ma'abota littafi sai ta hanya mafi kyau, kusan abin da Bitrus ya faɗa kenan.

Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna sun san wannan da jikinsu. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, kowannensu na jagorantar matasan gefensa. Da aka haɗa su a 1995 babu wanda ya amince da wani, amma daga nan suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai da ta yi aiki har a Yelwa da Shandam bayan kashe-kashen 2004. Wuye bai daina zama fasto mai gaskata Yesu ne hanya ba, Ashafa bai daina zama limami ba, ba wanda ya sayar da komai.

Makarantunmu na tauhidi irin su TCNN ta Bukuru da JETS ta Jos suna da darussan addinai, kuma tun 1959 akwai shirin coci-coci na hulɗa da Musulmi a Afirka wanda yanzu ake kira PROCMURA, don haka ba daga sifili za a fara ba. Abin da nake so in gani shi ne ɗalibi ya karanta Alƙur'ani daga Fatiha zuwa Nasi ko da a fassarar Hausa ta Shehu Abubakar Gumi ce, tare da tafsiri, kafin ya karanta littafin raddi ko guda. A gayyato malami Musulmi ya koyar da abin da Musulmi suka gaskata da bakinsa, a bar ɗalibai su yi masa tambaya, haka a zauna da dattijon da ya san gargajiya tun kafin irinsu su ƙare. A koyar da tarihin nassin Baibul tun a ajin baftisma da taron matasa, da wuraren nan uku da na ambata, daga bakin fasto. Sannan a jarrabawa, kafin a ba ɗalibi maki a kan yadda ya amsa tauhidin Musulunci, a fara sa shi ya rubuta shi a shafi biyu, a kai ma limamin unguwa ya karanta, in limamin ya ce a'a ba haka muke cewa ba, a mayar masa ya sake.